Gangar Noma a Kasuwar Ɗanbatta

A kasuwar Ɗanbatta, gefen inda Hure ke kasa daddawa, wani tsoho yana tsugune da gangar noma tsakanin gwiwoyinsa. Ba ta san shi ba. Rigarsa ta koɗe, kafaɗarsa ta hagu ta karkace inda igiyar ganga ta daɗe tana ci. Hure ta ayyana makaɗin gayya ne, irin masu shiga gaban manoma idan gari ya taru a nome gonar mutum ɗaya. Yanzu damina uku ke nan ruwa na gardama, majiya ƙarfi sun watse birni, mai hali kuma feshin maganin ciyawa yake yi. Ga alama rumbunsa ya ƙare, shi ya sa ya kawo gangar sayarwa.

Tun hantsi ba wanda ya taya. Can ya ɗauki gula, yana buga taken manoma a hankali, yana duban fuskokin masu wucewa. Hure ta san wannan take. Da jin sa mahaifinta yakan zabura da garma kamar an tsikare shi.

Ba wanda ya juyo sai wani mai sayar da maganin feshi.

"Baba, bikin wa ake yi?"

"Ba biki ba ne, ɗana. Kira ne."

"Kiran wa?"

Tsohon ya buɗe baki, ya dubi kasuwar, sannan ya ajiye gular.

Guɗar da mata kan amsa wannan take da ita ta taso wa Hure har maƙogwaro. Ta danne ta da bakin mayafi, ta ci gaba da korar ƙuda.