Inci Biyu na Zaren Kitso

A shekarun da nake koyarwa a wata makarantar ƙananan yara a Nassarawa GRA, jakata ba ta rabuwa da littafin soyayya. Daga Kawaji nake hawa a-daidaita-sahu da safe, kaina a sunkuye ina karatu, har sai mai tuƙi ya waiwayo ya ce, "Malama, an iso fa." A cikin littattafan nan na koyi cewa idan namiji ya so mace da gaske, wata rana zai ciro ɗan akwati daga aljihu, ya buɗe, sarƙa ta haska. Idan ta saka kuwa, sai ta kwanta daidai a ɗan ramin nan na ƙasan maƙogwaro, kamar tare aka halicce su. Ban taɓa karanta inda sarƙar ta ƙi rufuwa ba.

Nawa mutumin kawun wata ɗalibata ne, shi ke zuwa ɗaukarta in an tashi. Dogo ne, mai farar shadda da magana ƙasa-ƙasa, kuma shi ne auta a gidansu. Wata huɗu yana zuwa zance gidanmu bayan la'asar, yana faka motarsa nesa da kwatar layinmu. Ranar wata Asabar ya miƙo min jan akwati ɗan ƙarami.

"Ranki ya daɗe, ga ɗan abu. Yayata ta sake haihuwa, a gidan Hajiya za a yi taron suna ranar Alhamis. Ki saka ki zo. Hajiya na son ganinki."

Sarƙar zinari ce, da 'yan ganyaye a jere da farin dutse a tsakiya. Ban san lokacin da na shiga gida ba. Abu guda nake so a duniya a ranar, in shiga falon mahaifiyarsa da wannan sarƙa a wuyana, kowa ya gani ya san ni ya zaɓa.

Na tsaya gaban madubi na ja bakin sarƙar biyu zuwa ƙeya. Suka ƙi haɗuwa. Na miƙe wuya, na riƙe numfashi, na ja har idona ya kawo ruwa. Ƙugiyar na hango 'yar'uwarta daga nesa, amma babu gaisuwa.

Yayata tela ce, kekenta a tsakar gida yake. Ta zo ta same ni a haka, ta cire tef ɗin awo daga kafaɗarta, ta auna ni, ta auna sarƙar.

"Wuyanki sha biyar, sarƙa sha huɗu. In kina son ki haɗiyi yawu a gidan mutane, sai an ƙara inci biyu. Wannan ta masu wuyan balbela ce. Ke kuwa wuyan gidanmu gare ki, na Baba."

Yaya tana da karatunta a kan sarƙa, kuma duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sha shi kyauta. Leshi mai buɗaɗɗen wuya gajerar sarƙa yake so, ta zauna a kan fata, kada ta taɓa yadi. Atamfa mai zagayayyen wuya kuwa, ko dai sarƙa ta tsaya sama da bakin riga, ko ta sauko ƙasa sosai, amma in ta faɗa daidai kan ɗinkin, yini za ki yi kina ciro ta daga cikin riga kamar mai kamun kifi. Abaya doguwa take so. Mace mai gajeren wuya ta nemi wadda ta sauko ƙirji, ta ja ido ƙasa. Yaya ta ɗauko tata mai ruwan gwal, doguwa, ta ce in saka, ita kuma wannan in gaya masa ta yi kaɗan.

"In gaya masa? Yaya, kyautar soyayya ce fa."

"To soyayyar ba ta da tef?"

Na ƙi. A duk littattafan da na karanta babu budurwar da ta taɓa cewa saurayi ya koma wurin maƙeri. Da Yaya ta gaji da ni, sai ta ɗauko baƙin zaren kitso, ta tufka shi ninki uku, ta haɗa bakin sarƙar biyu a ƙeyata. Ta yanka min wuyan leshi mai faɗi don sarƙar ta samu fili. Muka gwada, jelar ɗankwali ta rufe zaren, mayafi ya ƙara rufewa. Daga gaba, wallahi, ni ce yarinyar cikin littafi.

Ranar Alhamis da azahar Yaya ta ƙulle zaren tamau, na tafi. Mai gadi ya dube ni, ya dubi a-daidaitar da ta sauke ni, sannan ya buɗe ƙaramar ƙofa. Furanni a yanke kamar an yi musu aski, motoci har bakin titi. Tun daga baranda turaren wuta ya tare ni.

Ban taɓa ganin zinari a wuri guda kamar na falon nan ba. Matan unguwar sun daɗe da gano cewa mayafi maƙiyin gajerar sarƙa ne, don haka kowacce ta nemi mafita. Wasu sun saka doguwa har cibiya a saman abaya, in suka sunkuya ɗaukar cincin sai ta riga hannunsu isa faranti. Wasu sun yafa mayafi shara-shara kamar gidan sauro. Wata Hajiya ta jera uku, gajera da matsakaiciya da doguwa, ko ta ina mayafi ya zame akwai mai tsaron wurin. Wata kuma zafi ya dame ta a ƙarƙashin na'urar sanyi guda biyu, sai fifita take da gefen gyale, kuma kullum ɓangaren da dutsen yake ne ke buɗewa. Ana gaisawa, ana barka, ana "Allah ya raya," amma babu idon da ke kan jaririya. Kowa ƙirjin kowa yake aunawa.

Yayarsa mai jego ta gane ni, ta kama hannuna ta kai ni gaban Hajiya. Na durƙusa na gaishe ta. Fara ce, mai ƙiba, mai sanyin murya. Kusa da ita wata tsohuwa ce siririya da tabarau a kan hanci, ƙanwar mahaifinsa, kowa na ce mata Gwaggo.

"Matso, 'yata," in ji Hajiya. "Ke ce malamar?"

Na matso. Kuma da gangan na bar mayafina ya zame kaɗan. Don wannan na zo.

Gwaggo ta gyara tabarau. Ta miƙo hannu ta ɗago dutsen da yatsa guda.

"Hajiya, wannan ba ta lefen nan ba ce?"

Matan falon suka fara matsowa. A nan na ji labarin, a gutsure, daga baki biyar. Bara an kai masa lefe gidan wani likita a layin baya, akwati goma sha biyu, kowa a falon nan ya je gani. Saura wata guda biki 'yar likitan ta ce ta fasa, aka dawo da akwatuna, suna jere a ɗakin sama. Mace kuwa tana iya manta ranar haihuwar ɗanta, amma ba ta manta kayan lefen da ta ɗaga da hannunta.

"Ita ce mana," in ji mai sarƙa uku. "Ga ganyen nan."

"Ni na kai ta wurin maƙeri da kaina," in ji Gwaggo. "Doguwa ce da, aka rage inci biyu, don waccan wuyanta kamar sillen kara. To ke ya aka yi ta shige ki?"

Ba ta jira amsa ba. Matan nan suna da ɗabi'ar juya sarƙa su duba hatimin zinari a jikin ƙugiya, ko da a wuyan mai ita take. Ta murza ta a hankali, ganyaye suka koma ƙeya, baƙin zare ya zo ya zauna a ƙasan maƙogwarona.

"La'ilaha illallahu! Zaren kitso!"

Dariyar ba mai ƙara ba ce. Ta bayan mayafi aka yi ta, kafaɗu na rawa, zinari na kaɗawa. Na so ƙasa ta tsage. Na jira a kore ni, don haka ake yi wa talaka a littafi, ta fita da gudu tana kuka, shi kuma ya biyo ta.

Ba a kore ni ba. Hajiya ta ɗaga hannu, aka yi shiru, ta dube ni da fara'a ta gaskiya.

"Ku bar yarinya. Wannan ai dabara ce, mai tattali ce. Guntun da aka yanke yana nan a durowata, gobe a mayar mata." Ta dafa kaina. "Ni kin yi min, 'yata. Lesussukan ba a ɗinka ba, atamfofi ma haka. Takalma ne kawai abin ji. Lamba nawa kike sawa?"

"Arba'in," na ji bakina ya faɗa.

"Af," in ji Gwaggo. "Talatin da takwas ne. Amma akwai masu buɗaɗɗen baya."

Aka nemo almakashi, don ƙullin Yaya ya ƙi kwancewa. Gwaggo ta datse zaren, ta naɗe sarƙar a hankici. Aka cika min leda da dambun nama da cincin, har da robar kunun aya.

A wajen ƙofa na same shi cikin abokansa a ƙarƙashin rumfa. Ya taso da murmushi.

"Ranki ya daɗe, an ce Hajiya ta yaba."

"Sarƙar ta wace ce?"

Ya sosa ƙeya. "To ai zinari zinari ne. Tana nan a ajiye babu mai sawa."

"Ka taɓa duban wuyana kafin ka kawo ta?"

"Haba, ta ina? Kullum a cikin mayafi kike."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta fi ba ni haushi. Ya ce in jira direba ya kai ni. Na ce ya bari. Na taka har babban titi da leda a hannu, don a-daidaita ba ta yawan shiga layukan nan, masu gadi na bi na da ido.

Bayan sati guda ya aiko cewa manyansa za su zo gaisuwa. Na samu Baba na ce kada a ba su rana. Ya tambaye ni laifin yaron, na rasa yadda zan faɗa. Ba ya shaye-shaye, ba ya zagi, yana sallah. Na ce kawai ba ni yake nema ba, wadda kaya za su shiga yake nema. Baba ya ce shi ke nan. Inna ta yi sati biyu ba ta yi min magana sai ta bakin Yaya.

Bayan Babbar Sallah ya yi aure. Wata abokiyar aikina da ta je ganin lefe ta ce kaya sun yi kyau, akwati goma sha biyu, sai dai atamfofin yayinsu ya ɗan wuce.