Talhon Mai Gadi

Ina kasuwar Bangi ina taya akuyar da ba ni da niyyar saye, sai ƙanena ya kira daga gidan likita na Madawa. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Na ce haƙurin mi? Ya ce, "Ɗanka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗana ne na fari, don haka ban taɓa kiran sunanshi ba, yadda ubana bai taɓa kiran nawa ba. Mai Gadi nake ce mishi. Ni da lakkwal mun rabu tun aji huɗu, kowa na murna, to da ya ce aikinshi kula da sarber ne, sai na tahi buronsu in gani da idona. Baƙaƙen akwatuna ne cikin ɗaki mai sanyi, suna ƙyafta fitilu. Kamfanin taki da iri ne, kuma shagunansu na Madawa, Buza da Keita duk da akwatunan nan suke aiki. Shi yana gaban allo yana duba zafinsu, da nauyin da suka ɗauka, da saurin amsarsu. Na ce, "Ashe duk karatun nan gadi ka samu?" Ya ce, "Baba, ranar da ba wanda ya tuna da ni, ranar ce na yi aiki."

Ya haɗa injinan da talhonshi, in ɗaya ya fara zafi ko ya kusa cika, saƙo ya shigo. Ranar sunan ɗiyarshi na ga ya tsame hannu daga tuwo saboda aikin shagon Keita ya yi nauyi, ya gyara tun mai shagon bai lura ba. Yakan ce, "Inji bai mutuwa sai ya yi gargaɗi. Mai saurare ne ke da wuya."

Juma'ar ƙarshe ya zo gida, ya zauna a tabarma, ya dafe kai. Ya ce wuyanshi ya ƙage. Na ji da kunnena, na ga idonshi ja. Amma uba bai taɓa goshin ɗan fari gaban mutane, sai na yi abin da na iya. Na ce, "Ciwon 'yan ɗaki mai sanyi ne, zo gona kwana biyu ka warke." Aka yi dariya, har da shi. Ashe sanƙarau ne. Kwana uku ya yi.

Talhon na aljihuna tun ranar. Saƙonnin ba su daina shigowa ba, cikin Faransancin da ya fi ƙarfina, kuma duk kukan da ya yi sai in ji kamar yaron na bayan ƙyaure. Jiya abokin aikinshi Mahamadu ya zo, ya durƙusa.

"Baba, a yi mana izni mu maida saƙonnin kan lambata."

"Bar mini shi, gadi nake koyo da tsufa."

Bai yi dariya ba. Ya karɓa ya duba, ya ce, "Baba, akwatin Buza na kuka tun shekaranjiya, ba wanda ya gani."

Na ce ya cire saƙonnin, ya maida kan lambarshi. Gargaɗi guda ya mutu a hannuna, ya isa.

Tun safe talhon shiru. Na yi caji, na ajiye kusa da buta, ban san don mi ba.

Allah ka jiƙan Isuhu. Ga shi na rubuta, tunda bakin ya makara. Allah ka yafe mishi, ka sanyaya makwancinshi, ka ba uwarshi da matarshi Hadiza haƙurin da ni ban samu ba tukuna, ka raya ɗiyar da ya bari. Ni kuma, in tsohon mai barkwanci na da rabo, ka yafe mini dariyar Juma'ar nan. Amin.