Turmin da Ya Fi Ƙarfin Malam

Maigidana mai gyaran keken ɗinki ne, kuma Allah ya ba shi hannu mai kyau, abin da ya zame mini jarrabawa. Idan ya gyara keke, keken yakan daɗe bai sake ciwo ba. Da mun shekara a gari, ko shekara da rabi, sai teloli su rage sallama a ƙofar gida, shi kuma ya fara zama shiru bayan la'asar yana kallon hanya. Daga nan sai in ji ya ce, "An ce gari kaza kekuna sun yi yawa, babu mai duba su." Da na ji wannan "an ce" ɗin, na san lokacin wanke buhuna ya yi.

Haka muka yi Funtua, muka yi Gusau, muka yi Kontagora da Bida. Yakan ce aiki ne ke korar mu, amma ni na san ba aikin ba ne kaɗai. Mutum ne mai son tasha. Warin man mota da hayaniyar 'yan kamasho suna sa shi fara'a kamar yadda turaren wuta ke sa ni. Ko a karatun addini babu babin da ya ƙware a kai kamar na sallar matafiyi. Ni da na yi sakandare har nakan zana taswirar Najeriya da ka, ban taɓa zaton za a sa ni in bi ta da ƙafa ba.

Doka ɗaya ya kafa mini tun ina amarya: ba za mu mallaki abin da shi kaɗai ba zai iya ɗagawa ya ɗora a saman mota ba. Saboda haka ba mu da gado, ba mu da randa, ba mu da kabad. Katifa ce mai naɗuwa, da risho, da adaka, da bokitai. In na yi sha'awar wani abu a kasuwa, sai ya sa hannu ɗaya ya jinjina shi, ya ajiye, ya ce, "Wannan na 'yan gari ne."

Mun sauka Minna a ƙarshen shekarun saba'in, ba a daɗe da mayar da ita babban birnin jiha ba, ana ta gine-gine, teloli kuma sun cika gari suna ɗinka wa sababbin ma'aikata kaya. Muka kama ɗaki a Sauka Kahuta, a gidan wata dattijuwa 'yar Gbagyi, Kirista, wadda mijinta ya rasu. Kowa Mama yake ce mata. Gajeriya ce, kafaɗunta kamar na ɗan dambe saboda dakon itace da doya, don matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a wurinta. Ni tana kirana Amarya duk da goyona da 'yata ta fari, maigidana kuma Mai Keke. Idan azumi ya zo, ita ce mai buga mini ƙofa kada in makara da sahur. Ranar Lahadi ni ce mai kwashe mata shanya idan hadari ya taso tana coci.

A gidan nan na fara jin ba na son a sake tashi. Yarinyar ta girma, hannunta ya fara taɓo kunnenta ta saman kai, kuma a lokacin da haka ake gane yaro ya isa shiga firamare. Ina so ta fara aji ɗaya ta gama aji shida a makaranta guda. Na faɗa wa Malam haka ƙarara, ban ɓoye ba. Ya ce, "Makaranta ai ko'ina akwai. Mu baƙi ne a nan. Duniyar ma baƙunta muka zo." Wa zai yi musu da wannan? Na kai kukana wurin Allah a sujada.

Sai ga sakwara ta shigo maganar. Mama tana da wani turmi na itacen ƙirya, baƙi wuluk don tsufa, mai faɗin baki, tsayinsa ya kai ƙugu. A cikinsa ta koya mini dakan doya. Ranar da na fara kai wa Malam, ya dube ta ya ce shi ba ya cin abincin da ba a san inda za a tauna shi ba. Ya ci loma ɗaya don kada raina ya ɓaci. Ya ci ta biyu don ya tabbatar. Kafin damina ta kewayo, mutumin da aka raina da tuwon dawa ya zama idan ya dawo daga kasuwa da doya a bayan kekensa na hawa yake shigowa, ya ajiye ta a ƙofar ɗaki, ya wuce alwala.

Ana tsakiyar sabuwar doya, wata la'asar, na ji ya ce, "An ce Lokoja kekuna sun yi yawa."

Washegari na sami Mama tana ɓare agushi, na zauna ina taya ta, hawaye na zuba a cikin faranti. Ta ce, "Amarya, kana jika mini agushi. Mene ne?" Na gaya mata. Muka ci gaba da ɓara. A nan dabara ta zo mini. Na ce idan turmin nan ya bar gidan, Malam ba zai iya haƙuri ba, zai sayi nasa, kuma turmin sakwara ba ya zuwa da sauƙin nauyi. In ya karya dokarsa da hannunsa, sauran magana mai sauƙi ce. Sai dai ni ba na ƙarya, balle ga mijina. Ba zan ce turmi ya tafi ba alhali yana ɓoye a bayan ɗaki.

Mama ta ce, "To sai ya tafi da gaske."

Tana da 'ya da ke aure a Gwada. Ranar Asabar ta zo gaishe ta, da za ta koma ta durƙusa, ta mirgina turmin nan ta ɗora a kafaɗa, ta miƙe ta nufi bakin titi tana hira da mu kamar jariri ta saɓa.

Da daddare na kai wa Malam dafaffiyar doya da manja. Ya buɗe kwano, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Yau kuma gajiya aka yi?"

"Turmi ya tafi Gwada, Malam."

"Yin me?"

"Mama ta ba 'yarta."

"Maƙwabta fa?"

"Nasu na dakan hatsi ne, zurfi gare shi, doya maƙalewa take yi. Kuma kullum yana cikin aiki." Wannan ma gaskiya ce, don sai da na zagaya na duba.

Ya jure kwanaki. Na yi masa faten doya, na soya masa ita da ƙwai, na gasa. Yana ci yana ajiyar zuciya. Rannan sai ga shi da turmi a hammata, ɗan ƙarami irin na dakan yaji, yana murmushin wanda ya warware matsala. Ban yi gardama ba. Na zuba doya yanka biyu, na kai mata taɓarya, yanka ɗaya ya yi tsalle ya faɗa gaban kajin Mama, ɗayan ya sauka a cinyar Malam da zafinsa. Mama tana daga ƙofarta ta ce, "Mai Keke, wannan turmi sai ka jira ya girma."

Na ɗauka mun kusa. Abin da ban lissafa ba shi ne mijina mutum ne da tafiya ba ta yi masa wuya. Ranar kasuwar Gwada ya ɗauki akwatin aikinsa ya ce akwai telan da ke neman sa a can. Da yamma muka ji ƙugin mota a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga akori-kura, ga Malam a gaba kusa da direba, ga turmin Mama a baya an ɗaure shi da igiya tsakanin buhunan gawayi. Ashe tambaya ya yi ta yi har aka nuna masa gidan 'yar, ya ce mata tsohuwa tana kewar turminta, ita kuma kunya ta hana ta musa wa baƙo. Direba da wani fasinja suka kama suka sauke shi suna nishi, Malam yana nuna musu inda za su ajiye, daidai ƙofar ɗakin Mama.

Ga turmi ya dawo, aro zai ci gaba, Lokoja kuma tana nan inda take.

Mama ta fito tana ɗaura zani. Ta dubi turmi, ta dubi Malam, ta dube ni. Ta daɗe tana dubana.

"Mai Keke, wa ya aike ka?"

"Babu, Mama. Na ga ya kamata ne in taimaka."

"Ka taimaka. Amma a wurinmu, turmi idan ya bi yarinya gidan miji, ba ya komawa dakin uwa. Wanda ya dauko shi, shi ne mai shi. Na ba ka, kyauta. Allah ya sa albarka."

"A'a Mama, ai ni ba don..."

"Za ka mayar mini da kyauta? Ni da na haife ka?"

Malam ya cire hula ya sosa kai ya mayar. An yi masa tarbiyyar da ba a mayar wa babba hannu, ba a sayar da kyautarsa, ba a kuma tashi a bar ta a tsakar gida kamar shara. Ya durƙusa ya ce ya gode, da muryar mai karɓar gaisuwar ta'aziyya.

"To ka dauke kayanka daga kofana," in ji Mama, ta koma ɗaki.

Mirgina shi ya yi zuwa ƙofarmu. Daga baya na tambayi Mama a asirce ko da gaske al'adarsu ce, don ban taɓa ji ba. Ta ce, "Daga yau al'ada ne."

Sakwara ta dawo, amma Malam ya rage magana. Yana ci yana satar kallon turmin. Wata rana da azahar, gida ya yi tsit, ya ɗauka barci nake, na hango shi ta gefen labule ya naɗe hannun riga. Ya zagaya turmin, ya yi bisimilla, ya rungume shi. Ya ɗaga shi har gwiwa. Fuskarsa ta kumbura, jijiyoyin wuya suka fito, ya yi taku ɗaya, sai na ji ya ce "wash" a hankali, ya dire shi, shi ma ya dire a gefensa. Dariyar da ta taso mini ta koma ciki, don na ga da gaske ya ji ciwo. Na fito da gudu.

Mama ma ta fito. Ta ce, "Sannu, Mai Keke. Idan ranar tafiya ya zo, kada ka damu, zan kira yarinyana ya dora maka a mota." Na san har cikin ransa ya fi son ciwon bayan a kan wannan tayin. A ce a tasha, gaban 'yan kamasho, mace ce ta ɗora masa kaya.

Ya kwanta rub da ciki, ina gasa masa baya da tsumma da ruwan zafi.

"Da hannunki a cikin wannan al'amari," ya ce, fuskarsa a cikin matashi.

"Ni na aike ka Gwada, Malam?"

Ya fara dariya, bayan ya soke shi, ya bari. Can ya ce mahaifinsa a rumfa ɗaya ya zauna tun yana saurayi har aka ɗauke shi, bai taɓa ganin kogin da ya fi na garinsu ba. Shi tun yana yaro yake jin idan ya zauna wuri guda numfashinsa zai tsaya. Ban taɓa jin ya faɗi haka ba, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce ni ban hana shi ganin koguna ba. Ni dai ina son maƙwabciyar da ta san 'ya'yana tun suna rarrafe, wadda in na kwanta ciwo ba sai na fara gaya mata sunana ba. Ya ce in ƙara ruwan zafi.

Da ya warke, wata safiya bayan ya karya, ya jawo akwatin aikinsa ya shirya sifanu da kwalbar mai. Ya sa riguna biyu da darduma a jaka. Ina tsaye ina jiran ya ce a naɗe katifa. Bai ce ba.

"Zan je in duba Lokojan nan," ya ce. "Ke ki kai yarinyar nan a rubuta ta, kada a cike gurbi. Ba wai mun zauna ba ne. Kaya ne suka yi nauyi."

"Haka ne, Malam."

Ya rataya jaka, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana juya hula a hannu. Tun da muka yi aure bai taɓa yin doguwar tafiya ya bar kowa a baya ba, bai san me ake cewa ba. Mama tana shara ta ɗago ta ce, "Ka ce sai ka dawo, mana."

"To. Sai na dawo."

Na ce Allah ya tsare hanya, a dawo lafiya. Yarinyar ta riƙe masa gefen riga ta ce Baba a kawo mata tsaraba. Ya dube ni kamar an yi masa tambaya da wani yare.

"Me ake kawowa daga Lokoja?"

Na ce busasshen kifi, yana daɗi a miyar agushi.