Ƙodar Ragon Kawu

Shekarar da nake aiki a ɗakin gwaji a Aliero, Kawu ya kawo mini ƙodar rago a kwanon sha. Kawu mai kiwon ragunan layya ne a Gehuru, kuma mutum ne da ko sannu ka yi masa sai ya duba bayanta. Ragunansa sun fara mutuwa, fitsari ya tsaya musu. Shi kuwa ya riga ya yanke hukunci: amininsa ne, wani Bafulatani da ke sayar masa da raguna tun ban san kaina ba.

"Guba yab ba su," in ji Kawu. "Kai dai ka gwada, ka hwaɗi gaskiya, in kai shi gaban hakimi."

Na ce aikin zai ɗauki kwanaki. Sai an jiƙa naman a magani, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, sannan a rina shi. Ya harare ni. Wai ko aminin nasa ya riga ya ba ni toshiyar baki ne?

Ranar rini ya dawo, ya tsaya a kaina. Na ɗora yankan a gilashi, na zuba ruwan azurfa, na fitar da shi rana, don rinin ba ya kamawa sai da haske. Duk inda kalshiyam ya taru, sinadarin nan na ƙashi, wurin zai yi baƙi.

"Mi kaka shanyawa, hatsi na?" ya ce. Ya tsuguna yana gadin gilashin, ko ƙuda bai yarda ya sauka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kawu kawu ne.

A madubin ƙara girma, ƙodar duk ɗigon baƙi ce. Tsakuwa ke taruwa. A nan ni ma zargina ya tashi, na tambaye shi abin da yake ba su.

"Dussa zalla, wadda tah hi kyau," ya ce da alfahari. Ciyawa fa? Wai tana hana ƙiba. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan, kada ciki ya cika su ƙi cin dusar.

Na ce, "Kawu, ban ga alamar guba ba. Dussa ta, da ƙishirwa."

Ya daɗe da ido a madubin. Da ya ɗago, bai yi gardama ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce in ɗauko babur mu tafi rugar aminin nasa.

Ashe tun kafin ya kawo mini ƙodar ya riga ya faɗi maganar gubar a kasuwar Jega, gaban jama'a. Mun tarar da rugar wayam, sai turaku da busasshen kashin shanu. Wata mai tallan nono ta ce sun yi wajen Maiyama, ba su ce ga inda za su sauka ba.

Kawu ya zauna a kan wani turke. Na ji tausayinsa har haushin ya bar ni.

"Sake dubawa, ɗana," ya ce. "Ko kaɗan babu gubar?"