Korona Ta Sake Kama Ni, Shinkafar Suna Ta Tona Asirin

A shekarun korona ni mai dafa abincin biki ce a Zongo, nan Wagadugu, kuma ina ji da kaina, don babu sunan da za a yi a unguwa ba a kira ni ba. Ina zaune da mahaifiyata, tsohuwa mai ciwon asma. Cutar ta kama ni, na sha jinya a ɗaki ni kaɗai, na warke. A asibiti aka ce wanda ya tashi daga korona ba a sake gwada shi sai bayan wasu watanni. Ni kuwa na fassara maganar yadda nake so, na rataye takunkumina, ina ce wa kowa na riga na yi tawa.

Ba a jima ba ƙanwata ta haihu, girkin suna ya faɗo kaina. Na tashi da ɗan mura da kasala, na ce gajiya ce. Ina ɗanɗana dafa-duka ina jin ta lami, ina ƙara gishiri. Da aka zuba wa gwaggonmu, loma ɗaya ta yi ta nemi ruwa, ta tambaya ko a Bilma, garin gishiri, na dafo ta. Mata suka kwashe da dariya. Ƙanwata ce kawai ba ta yi ba. Ta sa aka kawo barkono kusa da hancina, ban ji komai ba.

Mijinta ya kai ni asibiti a moto, wato babur. Da farko nas ɗin ta ƙi, wai ƙa'ida ba ta ba da dama ba, tunda ban daɗe da warkewa ba. Na yi mata bayanin tsohuwa da ƙirjinta, ta kira likita. Aka gwada, sai ga cutar. Likitan ya ce ta canza kama, sabuwar tana iya kama wanda ya yi tsohuwar. Nan take na tuna da safen nan ni na ba Inna koko da hannuna.

Allah ya rufa asiri, gwajin Inna ya fito lafiya. Ta koma gidan yayana tana mita cewa an raba ta da katifarta. Mutum biyu daga masu taya ni girki suka kwanta, suka tashi, na bi su har gida na ba su haƙuri.

'Yan uwa, warkewa ba lasisi ba ce. In jikinku ya sake yin wani iri, ku koma a duba ku, in an ce ƙa'ida ta hana ku faɗi wanda kuka baro a gida. Ni dai na ci sa'a, har yau Inna na nan tana yi mini faɗa.