Yafiyar da Muka Je Nema Garki

Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, bai taɓa iya ciniki ba. Na gwada shi lokacin da na fara sayen riɗi a ƙauyukan Kafin Hausa. Ina taya kaya, shi yana bayana yana kwaikwayon muryar manomin, har mutumin ya ji haushi ya ɗaure buhunsa ya tafi. A ranar na sallame shi.

Na ce, "Bawana, bakinka ne jarinka. Je ka nemi inda ake sayensa."

Ya ce, "Kai ne dai bawana, kuma na 'yanta ka, don ba ka da amfani."

Ya kuwa samu inda ake saye. Da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari, gidan rediyo ya ba shi fili ranar Lahadi da la'asar. Shi kaɗai yake shiga ɗakin ɗaukar murya, amma mai sauraro sai ya rantse mutum biyar ne a ciki. Yana yin wani mawaƙin Kano mai jan baiti ta hanci, da wani ɗan siyasa da ba ya gama jimla sai ya yi alkawarin rijiya, da mai sharhin ƙwallo, da wasu attajirai. Sojoji ne kawai bai taɓa ba, don yana da hankali. Ba ya ambatar sunan kowa, kuma babu wanda bai san wa ake nufi ba. Na sha ganin masu awo sun ajiye mudu a tsakiyar ciniki sun kewaye rediyon da aka rataya a ƙahon keke.

Wanda aka fi so duk cikinsu shi ne wani tsohon ɗan kokawa na wajen Garki. A zamaninsa bayansa bai taɓa ƙasa ba, iyayenmu kan yi tafiyar yini don su gan shi a fage. Amma yana da i'ina mai tsanani. An taɓa hira da shi a rediyo, taubashina ya ji sau ɗaya ya ɗauke muryar duka, har da numfashin da yake ja kafin kalma ta fito. A wasan, sai ya kai shi tasha, kwandasta ya tambaye shi inda za shi, kafin ya gama faɗa mota ta cika ta tashi. Mako mai zuwa a kai shi neman aure, ko a kai shi kotu ba da shaida. Ni ma na yi dariya har da hawaye, kuma na sha ba da kuɗin tallan shagona a sa a tsakiyar shirin, don na san lokacin ne kowa ke saurare.

Da shekarun shari'a suka zo, babu wanda ya zo ya ce ya daina. Shirin ne ya riƙa raguwa. Aka fara cire kiɗa, daga baya aka ce a bar mawaƙin, sannan aka sa wani shiri a gurbinsa. Suka mai da shi karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa, da muryarsa ta kansa, wadda kusan ba wanda ya sani. Bai yi ƙorafi ba. A wajen tafsirin azumi ne ya ji malami yana bayanin giba, ya ce ba da baki kawai ake cin naman mutum ba, kwaikwayon tafiyarsa ko maganarsa don a yi dariya shi ma giba ne, kuma hakki ne na bawa, Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Ya ba ni labari yana murmushi, na ɗauka ya wuce.

Sai ciwon hanta ya kama shi. Idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura, wuyansa ya zama kamar na yaro. Bayan an sallamo shi daga asibiti ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Motarka nake so, da kai a ciki. Zan bi mutanen nan da na kwaikwaya in nemi gafara."

Na ce, "Duka? Ai sai mu ƙare da man Jigawa."

"Waɗanda suka rage. Ba su da yawa."

Na kalle shi, na ga ba wasa yake ba, na ce ya shirya. Na shimfiɗa masa katifa a bayan a-kori-kura, amma ya ƙi, ya ce ba gawa ba ce tukuna, a gaba zai zauna.

Na farkon ba su ba mu wahala ba. Mawaƙin Kano ya yi ta dariya, ya ce ai shirin ƙara masa kasuwa ya yi, ya yafe duniya da lahira, ya roƙi a yi masa muryar ko sau ɗaya. Taubashina ya ce ya yi rantsuwa ya bari. Ɗan siyasar bai fito ba, ya aiko daga ciki cewa ya yafe, kuma na tabbata bai san abin da ya yafe ba. Taubashina ya karɓa haka. A hanya ya ce waɗannan ba su ne suke hana shi barci ba.

Garki muka bari ƙarshe, don ya san nan ne nauyin yake. Mun isa da hantsi, kaka ta yi, an jingine dammunan gero a ƙofar gidaje. Babban ɗan tsohon ne ya tarbe mu, magidanci mai kunya. Da ya ji ko mu su waye, sai ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya kawo ruwa. Sannan ya gaya mana abin da ba mu sani ba. Tun shirin yana tashe yara suka fara bin tsohon a kasuwa suna tambayarsa ina za shi. Mutumin da ake buga wa ganga in ya shigo gari sai ya daina zuwa kasuwa, ya daina zaman majalisa, ko a ɗaurin aure sai dai ya ɗaga hannu. Bara kuma ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya tafi gaba ɗaya.

Taubashina ya ce, "Yana ji?"

"Yana ji. Yana gane mutane."

Aka yi mana iso har ɗakinsa. Yana kwance a kan gadon kara, ƙasusuwan kafaɗarsa har yanzu sun fi na kowa a ɗakin faɗi. Matarsa, tsohuwa ce ita ma, tana zaune daga bakin ƙofa da kwanon kunu. Taubashina ya durƙusa da ƙyar, sai da na riƙe shi.

Ya ce, "Baba, ni ne na rediyo. Ni ne nake yin muryarka. Na zalunce ka shekara da shekaru, ban taɓa zuwa ko gaishe ka ba. Yanzu ba ni da lafiya, likita ya gaya mini gaskiya. Don Allah ka yafe mini."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙo hannun da yake motsi ya kama wuyan rigarsa, ya riƙe. Bai ja shi ba, bai ture shi ba. Leɓensa yana rawa, babu abin da ya fito. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ɗaya ya shiga kunnensa. Na yi shekaru ina karanta fuskar mai kaya, in san zai sayar ko ba zai sayar ba tun kafin ya buɗe baki, amma wannan fuskar ban karanta komai a cikinta ba.

Ɗan ya ga abin ya yi tsawo, ya ce a hankali, "Ya yafe, Malam. Ka tashi, ya yafe."

Tsohuwar ta ajiye kwanon ta ce, "Kada ka sa masa magana a baki. Wadda aka sa masa ta isa."

Sai da ɗan ya ɓamɓare yatsun mahaifinsa daga rigar sannan muka fita.

A mota na yi ƙoƙarin lallashinsa da abin da na sani. Na ce, "Ya riƙe ka, ya yi hawaye. Wanda ya ƙi ka ai kau da kai yake yi."

Ya ce, "Kai da bakinka. In mai riɗi bai ce ya sallama ba, kana ɗora buhu a mota?"

Na ce ba na ɗorawa.

"To. In bakinsa ya buɗe ina raye, ka dawo da ni. In ba na nan, ka zo a madadina."

Bai kai ƙaramar salla ba. Wani abokin aikinsa ne ya karanta sanarwar rasuwarsa a rediyo, mutane da yawa ba su gane ko wane ne ba sai da aka ce mai shirin Lahadi.

Na cika alkawari. Duk lokacin da sayen riɗi ya kai ni wajen Garki sai in biya gidan tsohon, in kai goro da sukari, in zauna kusa da gadon in sake faɗar saƙon. Yakan kalle ni, wani lokaci ya rufe ido. Bakin bai buɗe ba har ya rasu a damina ta biyu.

Na je gaisuwa bayan an share makoki. Da zan tafi tsohuwar ta sa aka tsayar da ni a zaure, ta yi magana daga bayan asabari.

Ta ce, "Alhaji, ɗan'uwanka ya taka da ciwo ya zo har nan, na gani. Ni ma ya ɓata mini, kuma nawa na yafe."

Na yi godiya, na ce, "Nasa fa, Inna? Ko ya taɓa yi miki wata alama?"

Ta ce, "Bai yi ba. Ba zan yi maka ƙarya ba. Yanzu ai suna wuri ɗaya, sai ya tambaye shi da kansa."