Tsinke a Aljihu

Da na sayi tsohuwar akori-kura, bakanike a Daura ya ce sai an sa mata manyan tayoyi kafin ta iya rairayin ƙauyenmu. Na ƙi ji, na sa mata shokazoba masu iska don su ɗaga ta. Bayanta ya tashi, ina ta hura hanci.

Ranar farko muka kafe a rairayi bayan Sandamu da buhunan gero. Kawuna, tsohon direba, ya sauko yana dariya.

"Ɗana, iska ta yi maka yawa."

Ya tsinci tsinke ya rage iskar tayoyin don su baje a kan rairayi, muka fita salin-alin.

Shokazoban suna ɗaukar kaya lafiya har yau. Amma ba na shiga rairayi sai da tsinke a aljihu.